Sai Ya Yi Baƙi

Akuyar Gwaggo Laraba ce ta fara yi wa Malam Sagiru gargaɗi, ranar Talata da hantsi, amma bai gane ba. Da ya gane, da tun ranar ya ɗauko gatari, da kuma abin da ya sami ɗiyarsa ranar Asabar bai same ta ba.

Akuyar ta ture tsohon kwanon rufin da ya toshe kafar katangar bayan gida da shi, ta shiga lambunsa ta yi yadda ta ga dama. Ta cinye rama, ta aske zogale har inda wuyanta ya kai, tumatir kuwa ko kara ba ta bari ba. Amma 'yan bishiyoyi huɗun da ke tsakiyar lambun, waɗanda ya fi ji da su, ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba. Ga sawunta nan a gindinsu, ta zagaya su ta wuce.

"Kin ga ikon Allah," ya ce wa matarsa Jamila. "Ta ci na banza, ta bar mani faruna."

"Tumatir ɗin nawa ne na banza?" in ji Jamila. "To yau sai ka tsinko farun a yi maka miya da shi."

Ya yi dariya, ya ɗauko guduma ya mai da kwanon, ya tafi shago.

Malam Sagiru kafinta ne. Shagonsa na Ƙofar Kwaya, gidansa na Ƙofar Marusa. A cikin birni aka haife shi, a nan ya tashi. Itace ya san shi ne bayan an sare an tsaga. Ko ido rufe yakan gane katako da ƙanshinsa. Amma a tsaye da ganyensa, in ka cire bedi, wato dogon yaro, da mangwaro, ba ya rabe wannan da wancan.

Faru kuwa sau ɗaya ya taɓa ci. Yana ƙarami wani kawunsa ya zo daga ƙauye da ƙwarya an rufe ta da ganye, ya ajiye gaban mahaifiyarsa. Da aka buɗe sai ga 'ya'yan itace ƙanana, baƙaƙe, a cure kamar inabi. Zaƙi da tsami, ga ruwa, har harshe ya rine. Mahaifiyarsa ta ci tana ba su labarin garinsu. Bishiyar dai bai taɓa gani ba. Bayan tsohuwar ta rasu sai abin ya tsaya masa a rai, ya ce sai ya shuka faru a gidansa, ɗiyarsa Haulat ta ɗanɗana abin da kakarta ke so.

Wanda ya samo masa irin shi ne Yero, wani makiyayi da ya taɓa yi wa ƙofa da gado. Farkon daminar bara Yero ya zo shago da sanduna dami biyu, ba ganye a jikinsu.

"Wanga faru ne," in ji Yero, "ka dasa shi ciki, inda ruwa ke zama. Amma sai ka yi haƙuri, shekara biyar ko shida kafin ka ga ɗa. Wanga kuma shinge ne, ka jera shi inda ka ce katanga ta faɗi. Dabba ba ta cin shi."

Sunan na shingen bai faɗa ba, Malam Sagiru kuma bai tambaya ba. Ya ɗaure su bayan mashin. A hanya ya faɗa wani rami, igiya ta kwance, sanduna suka watse a titi. Ya tsince su, duk masu ruwan toka, duk tsawo ɗaya. Sai ya yi lissafi irin na kafinta: masu kauri su ne za su zama bishiya, sirara su ne shinge. Masu kaurin ya dasa a tsakiya, siraran a kafar katanga.

Siraran na fara toho awakin unguwa suka cinye su cikin mako guda. Ya ce, "Ka ji shingen Yero da dabba ba ta ci." Ya toshe wurin da kwano. Ya so ya tsokani Yero da maganar, amma Yero ya yi kudu da shanu, bai dawo ba.

Masu kaurin kuwa suka tashi kamar ana jan su. Damina ta biyu suka wuce kansa, suka yi fure, suka yi 'ya'ya. Shekara shidan Yero ta koma biyu, shi kuma ya ce albarkar taki ce da hannu mai kyau.

"Baban Haulat," Jamila ta taɓa ce masa, "ba ka ce farun nan ƙanana ba ne? Waɗannan ai kamar lemun tsami suke."

"Wancan na daji ne, ba mai ba shi ruwa. Wannan na gida ne."

Ba mutum ba ne mai sakaci, kowa a unguwar ya sani. Shekara tara da aurensu kafin Allah ya ba su Haulat, kuma har yanzu ita kaɗai ce. Rijiyar gidan murfi ya yi mata da kwaɗo. Maganin ɓera a shago yake ajiye shi, ba ya kwana a gida. Shekarunta bakwai, amma shi yake tsallakar da ita titi da kansa. Saboda haka da 'ya'yan suka fito, ya kama hannunta ya kai ta gindin bishiyar ya kafa mata doka.

"Kin ga kore ne? Ɗanye ne, shina sa ciwon ciki. Kada ki taɓa."

"Sai yaushe, Baba?"

"Sai ya yi baƙi."

Kullum da safe sai ta leƙa ta kawo masa labari. Baba, har yanzu kore. Baba, ya fara rawaya. Ranar Juma'a shi da kansa ya ga waɗansu sun yi duhu sun bushe, ya ce a ransa ranar Lahadi zai tsinko ya fara ɗanɗanawa kafin ya ba kowa. Bai faɗa wa yarinyar ba. Ya ɗauka dokar na nan inda ya bar ta.

Ranar Asabar, ya dawo daga sallar Azahar kenan yana goge wata ƙofa, wayarsa ta yi ƙara.

"Ka taho gida," in ji Jamila. Ba sallama, ba gaisuwa. "Haulat ce. Amai take, ya ƙi tsayawa."

Ko shagon bai rufe ba.

Ya same su a tsakar gida. Haulat na kwance kan tabarma ta naɗe kamar jinjira, ta riƙe cikinta da hannu biyu. Rigar Islamiyyarta duk ta ɓaci. Gwaggo Laraba, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, tana durƙushe da cokali da kwalbar manja.

"Sau nawa?" ya tambaya.

"Na daina ƙirgawa a shida," in ji Jamila. "Ga zawo kuma. Lafiya lau ta dawo daga makaranta, ta ci abinci, ta tafi wasa."

"Mi ta ci?"

"Abin da muka ci. Shinkafa da wake."

"Wani abu dai ta haɗiya," in ji Gwaggo Laraba. "Ɗaga mani kanta, ke. Manja ne maganinsa, tun kafin a haifi uwarki da shi muke."

Manjan bai kai ciki ba ya dawo, tare da wani amai. Malam Sagiru ya sunkuya ya duba abin da ya fito. Akwai fararen gutsattsari a ciki, kamar an tauna gyaɗa.

"Kin ba ta gyaɗa?"

"Ina na ga gyaɗa a gidan nan?"

Ya durƙusa ya shafa goshin yarinyar. Ya yi tsammanin zafi, sai ya ji sanyi da gumi. Wannan ya fi tsorata shi.

"Haulatu na. Mi kika ci? Faɗa mani, ba zan yi faɗa ba."

Ta buɗe ido da ƙyar. Leɓenta ya bushe.

"Farunka, Baba." Ta haɗiyi yawu. "Ban taɓa kore ba. Wallahi sai da ya yi baƙi."

"To, madalla," in ji Gwaggo Laraba. "In faru ne ai da sauƙi. Yawa ta ci, tsamin ne ya murɗa mata ciki."

"Ba tsami," in ji Haulat a hankali. "Kamar gyaɗa."

Malam Sagiru ya miƙe tsaye. Shekara arba'in ke nan, amma bakinsa bai manta ba. Faru ruwa gare shi, tsami gare shi. Ba ruwansa da gyaɗa.

"Canza mata riga, ki ɗauko mayafinki," ya ce wa Jamila. "Yanzun nan."

Ya zaga lambu da gudu yana neman lambar Yero. Sau biyu aka ce ba a samunta. Na uku ta shiga, da iska da kukan shanu a bayanta.

"Salamu alaikum! A'a, Malam Sagiru! Kwana da yawa. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Yero..."

"Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya mutanen Katsina? An samu ruwa bana?"

"Alhamdu lillahi. Yero, don Allah..."

"Yaya aiki? Yaya 'yar budurwata?"

"Ita ce ba lafiya."

Muryar Yero ta sauka. "Subhanallahi. Mi ya faru?"

"Farun nan ne. Wanda ka ba ni. Ta ci 'ya'yansa."



"Wane 'ya'ya? Faru bai yin ɗa shekara biyu, Malam. Kana kusa da iccen?"

"Ga ni gindinsa."

"Dubi ganyen. Ƙanana ne a jere, dama da hagu, kamar na bedi?"

"A'a. Faɗi gare shi. Kamar tafin hannu, da kusurwoyi."

"Karya guda daga jikin reshe. Mi ya hito?"

Ya karya. Wani ruwa ya tsattsafo, ba fari ba, ba kuma garau ba. Ya murza shi tsakanin yatsu.

"Ruwa mai danƙo. Shina kumfa kamar sabulu."

"Ɗauki ɗan da ya bushe ka fasa. Ƙwaya nawa ciki?"

Ba sai ya nemi dutse ba, yana matsawa ɓawon ya rabe gida uku.

"Uku. Baƙaƙe, dogaye."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Yero. "Malam, wanga ba faru ba ne. Shi ne na shingen. Ina wanda na ce ka sa ciki?"

Malam Sagiru ya dubi kwanon da ya toshe kafar katanga. 

"Mene ne sunansa?" ya ce.

"Ka bar suna, ka ɗauki yarinya ka tahi asibiti."

"Likita zai tambaye ni. Faɗa mani."

"Bi-ni-da-zugu. Wasu su ce ci-ni-da-zugu."

Ya taɓa jin sunan, kamar yadda mutum ke jin sunan garin da bai taɓa zuwa ba. Ya fito tsakar gida yana maimaita shi don kada ya ɓace masa. Jamila ta naɗe Haulat da zane ta saɓa ta a kafaɗa.

"Mi ya ce?"

"Ba faru ba ne. Wai bi-ni-da-zugu."

Kwalbar manja ta suɓuce daga hannun Gwaggo Laraba.

"A cikin gida? Sagiru, shi ka dasa a cikin gida kana ba shi ruwa? Ni da idona ya mutu, da na shiga lambun nan ko da lalube sai na gane shi!"

"Gwaggo, mene ne zugu?" in ji Jamila.

"Ku tahi, ku tahi."

"Mene ne zugu, Gwaggo?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Farin saƙi ne na da. Da shi ake yi wa mamaci sutura."

Jamila ba ta yi kuka ba. Ta dubi mijinta sau ɗaya, ta wuce shi ta fita zaure.

Hanyar asibiti ya san ta kamar ɗakinsa, amma ranar sai ta ƙi ƙarewa. Jamila na bayansa, yarinyar na tsakaninsu, kanta na bugun bayansa duk ramin da suka faɗa. Wannan bugun yake saurare. In ya ɗan jima bai ji ba sai ya ce, "Tana numfashi?" Jamila ta ce, "Tuƙa." Wajen wata mahaɗa suka tarar da motar itace ta mutu a tsakiyar titi, mashina sun cunkushe. Shi da bai taɓa ɗaga wa kowa murya a hanya ba, ya ji kansa yana ihu, "Mara lafiya! Ku ba ni hanya don girman Allah!" Wani mai shayi ya janye bencinsa, suka bi ta gefen kwata suka wuce. Sai ya ji ɗumi a bayan rigarsa. Ta sake yin wani aman.

A asibiti wata nas ta karɓe ta ta kwantar. Ta ja fatar bayan hannun yarinyar ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Azahar," in ji Jamila.

"Kun ba ta wani abu?"

"Manja."

Nas ɗin ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Kullum manja." Ta shiga neman jijiya. Ta soka a hannun dama ba ta samu ba, ta koma na hagu. Haulat da ke tsoron allura har sai an danne ta, ko motsi ba ta yi ba. Malam Sagiru ya fi son ta yi ihu. Sai a karo na huɗu jini ya leƙo, aka ɗaura mata ƙarin ruwa.

Likita ya zo, saurayi ne siriri da tabarau. Ya haska idonta, ya danna cikinta, ya saurari ƙirjinta.

"Baba, me ta ci?"

"Bi-ni-da-zugu."

"Ka tabbata? Ka ga itacen da idonka?"

"Ni na dasa shi."

Likitan ya ɗago ya dube shi.

"Ƙwaya nawa?"

"Ban sani ba."

"Hajiya?"

"Ina wanki," in ji Jamila. "Ina jin ta tana waƙa a lambu. Can ne kaɗai nake barin ta ita ɗaya, saboda can ne ba abin tsoro."

Maganar ba da shi ta yi ta ba, amma a jikinsa ta sauka.

Likitan ya sunkuya. "Haulat. Haulat, nawa kika ci?" Idonta ya motsa a ƙarƙashin fata, bai buɗe ba.

"Likita," in ji Malam Sagiru, "sunan nan da aka sa mishi. Gaskiya ne?"

"Ni ba da suna nake aiki ba, Baba. Na ga yaran da suka ci suka tashi suka koma wasa. Amma wanda ya ci biyu daban da wanda ya ci goma, kuma ruwan jikinta ya tafi da yawa kafin ku iso. Ba ni da allurar da ke kashe shi. Ruwa za mu yi ta sa mata, mu ga ko za ta yi fitsari. Kai kuma ga aikinka. Koma gida ka kawo mani reshe da ganye da 'ya'yan in gani. Ka nemo inda ta zauna ta fasa, ka ƙirga ɓawon. Ina son in san da me nake faɗa."

"In bar ta?"

"Tsayuwarka a nan ba abin da za ta ƙara mata."

Ya dubi Jamila. Tana riƙe da ƙafar yarinyar, idonta na kan ledar ruwan, tana bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

Ana kiran La'asar ya isa gida. Ya yi sallar a tsakar gida, bai san abin da ya karanta ba. Gwaggo Laraba ta wanke tabarma ta shanya, tana zaune bakin ƙofar lambu da carbi.

"Yaya jikin?"

"Ana ƙara mata ruwa."

"Allah ya tashi kafaɗarta. Sagiru, abin da na faɗa ɗazu, tsoro ne ya sa ni."

"Gaskiya kika faɗa, Gwaggo."

Wurin bai yi wuyar samu ba. A inuwar bishiya ta uku ta share ƙasa da tafin hannu, ta jera gwangwanayen madara da take wasan girki da su. Ga dutsen da ta yi fashi da shi. Ga ɓawon ta tara gefe guda, tsaf, yadda uwarta ke tara ɓawon albasa. Ko kore ɗaya babu a ciki.

Ya durƙusa ya shiga haɗa su, gida uku uku, kamar yana haɗa ƙafafun kujera. Sai da ya sake daga farko sau biyu. 'Ya'ya goma sha ɗaya. Ƙwaya talatin da uku ke nan.

 Sai ya tuna da gwangwanayen, ya kife su kan hularsa. Na farko ƙwaya tara, ta zuba masu ƙasa da ruwa, wai tuwo. Na biyu bakwai. Na uku ba komai sai ganye. Ya je ya zazzage aljihun rigar Islamiyyar da Jamila ta jefa a bokiti, ya sami huɗu. Ashirin.

"Nawa suka rage?" in ji Gwaggo Laraba.

"Sha uku."

"Duba ƙasa. In ana fasa shi tsalle yake yi."

Ya shiga tonon ƙasa da yatsu. Ya ɗaga busassun ganye, ya bi gindin katanga da rarrafe, ya leƙa ƙarƙashin tulun ban ruwa. Ya sami ɗaya. Can ya sami wata ta maƙale a saiwa. Duk wadda ya tsinta sai ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, kamar daga bakin yarinyar ya ciro ta. Ya sami ta uku, ya sami ta huɗu. Daga nan ƙasa ta daina ba shi. Ya ci gaba da tono har farcensa ya fashe, har inuwar katanga ta rufe lambun duka.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallon sunan Jamila kafin ya iya ɗauka.

"Aman ya tsaya," ta ce. "An sa leda ta biyu."

"Ta yi fitsarin?"

"Tukuna."

"Ta buɗe ido?"

"Tukuna. Likita na tambaya, nawa ka samu?"

Ya dubi hularsa, ya dubi ramukan da ya tona. Tara ne ba a gani ba. Ko suna cikin ƙasar lambun, ko suna cikin Haulat, bai sani ba. Likita ma bai sani ba, kuma wadda ta sani ba ta farka ba tukuna.